Sunan Beba

Shafi na 17

Masu tambayar me Litsa ta ce za ta kawo, to yau ta iso da shi.

*

Sau uku ke nan Fotini tana zazzage jakar nan a kan gado tana sake jera kayan.

Hular rana biyu, domin iskar tsibiri ba ta barin hula a kan yaro. Maganin zazzaɓi. Man shafawa na ƙunar rana. 'Yan takalman roba na shiga ruwa. Sai maganin amai, wannan nata ne ita kanta, don ita da teku ba sa ga maciji.

A jikin firij ta manna takarda, ta jera kwanaki bakwai da za su yi a tsibirin Amorgos. Juma'a, jirgin ruwa na ƙarfe bakwai na safe daga tashar Pireyas, awa tara a kan ruwa. Asabar, hutu, ba za a kai 'yarta Beba bakin teku ba sai rana ta yi sanyi. Litinin, ziyarar kabarin baban mijinta Anestis. Lahadi kuwa ta bar gurbinta fari fes, saboda surukarta, Mama Stamatiya, ta ce mata a waya, "Lahadi ki bar mini yarinyar, ke ki kwanta ki rama barcin da kika yi shekara biyu ba ki yi ba."

Maganar nan Fotini ta yi ta tsotsa a ranta kamar alewa. Tun rasuwar mahaifiyarta ba wanda ya sake ce mata ki kwanta ki huta.

Agusta ta riga ta share unguwar Keratsini tas, kowa ya tafi hutu. A benensu mai gida goma sha biyu, nata ne kawai ake buɗe taga. Mai burodi ya liƙa takarda a ƙofa, sai ƙarshen wata. Kantin maganin da take aiki ma an rufe. Kwana huɗu ke nan ba ta yi magana da babban mutum ba, in ban da mai sayar da tikiti, shi ma "na gaba" kawai ya ce.

Mijinta Anestis kuwa wata takwas yana can ƙasan jirgin ruwan dakon mai, yana fama da inji a tekun da ita ko a taswira ba ta iya nuna shi ba.

Daga ita sai Beba.

Beba tana zaune a ƙasa tana cusa cokali cikin takalmi. Wata ashirin da biyu a duniya, haƙora sha shida, amma har yau Beba ce, kamar kowace yarinyar da ba a yi wa baftisma ba. Ba ta da suna tukuna.

Ƙararrawar ƙofa ta ɗauka, aka danne ta ba sassauci.

"Amarya! Buɗe kafin in narke a ƙofarki!"

Shekara huɗu da aure, amma a bakin dangin Anestis har gobe amarya ce.

Litsa ce, yayar mijinta, mai shagon gyaran gashi. Ta shigo da baya tana jan wani ƙaton farin kwali ɗaure da igiya, gumi ya wanke mata kwalliya.

"Lif ɗin naku shi ma hutu ya tafi? Hawa huɗu na jawo wannan jarabar!"

"Sannu. Ai da kin kira ni na sauko."

"Ke? Da waɗannan hannuwan naki kamar tsinken tsire?" Ta zube a kujera tana fifita da jaka. "Ina 'yar lelena? Zo nan, ɓarauniyar cokula!"

Beba ta yar da takalmin ta ruga ta faɗa jikinta. Sun saba. Duk Talata da Alhamis, in Fotini na wurin aiki, a shagon Litsa take wuni.

"Me ke cikin kwalin?"

"Labulen Mama."

"Labule ne da nauyi haka?"

"Ai kin san Mama, komai nata da nauyi, har gaisuwarta. Ke ce mai ɗaki a jirgi, ki tura shi ƙarƙashin gado kawai. Ni sai Asabar zan biyo ku, in na sallami matan da ke son su je biki da kai irin na 'yan fim. Kada ki buɗe, ta ce ita za ta kwance da hannunta."

"To."

"Kin sayi maganin amai, 'yar garin dutse? Kada ki ba mu kunya kamar wancan karon, kina rungume da bokiti tun kafin a kwance igiyar jirgi."

Fotini ta yi dariya. Har ta manta yadda dariyarta take fita.

"Na saya kwali biyu. Kofi mai ƙanƙara?"

"Da sukari uku. Bari in wanke fuskar nan tukuna, na koma kamar dodo."

Litsa ta shige banɗaki. Fotini ta shiga kicin ta ɗauko kofuna.

Shirun ne ya sa ta juyo.

Duk uwa ta san irin wannan shirun.

Beba tana tsugune gefen kwalin. Kusurwarsa ta yage wurin jan da aka yi masa a matakala, yarinyar ta zura hannu ta ramin, kumatunta guda ya kumbura.

"Beba! Me ke bakinki? Tofar! Tofar, na ce!"

Kafin ta rufe baki ta isa wurin. Ta kifa yarinyar a cinyarta, ta sa ɗan yatsa ta zaƙulo abin. Beba ta tsala ihu, an ƙwace mata zaƙi.

Abin ya faɗo tafin hannun Fotini, fari, mai santsi, jiƙe da yawu.

Ƙwayar almon ce, mai kama da gyaɗa, da aka lulluɓe da sukari.

Ta tsaya tana kallonta. Irin wannan ba a sayenta don marmari. Wuri biyu kawai ake raba ta, ɗaurin aure da baftisma.

Ta ajiye Beba a kujera. Ta ɗauko almakashi ta datse igiyar.

A sama dogon farin kyandir ne naɗe da leshi. Ƙarƙashinsa farar riga 'yar ƙarama, da farin takalmi, da hula. Tawul uku. Sabulu. Kwalbar man zaitun. Wani ɗan akwati mai ɗauke da gicciyen zinariya da sarƙarsa.

Can ƙasa kuma ƙulle-ƙullen almon ne a 'yan fararen raga, sun fi ɗari, kowanne da ɗan kati rataye.

Ta ɗauki ɗaya ta juya katin.

Suna ne da ruwan zinariya: Stamatiya.

Ƙarƙashinsa kwanan wata. Lahadin nan ce. Lahadin da ta bari fari fes a jikin firij.

"Wai ina kofin nawa, ko sai na rubuta takardar…"

Litsa ta tsaya cak a ƙofar falo, tawul a hannu.

Fanka kawai ke juyawa.

"Labule," in ji Fotini a hankali.

"Amarya, tsaya ki ji."

"Kyawawan labule."

"Na ce miki kada ki buɗe."

"Saura kaɗan labulen ya shaƙe mini 'ya."

Litsa ta kalli yarinyar, ta kalli ƙwayar da ke ƙasa, ta yi alamar gicciye a ƙirjinta da sauri.

"Ba abin da ya same ta ko?"

"Kada ki taɓa ta. Zauna ki faɗa mini. Duka."

Litsa ta zauna a bakin kujera. A karon farko tun da Fotini ta san ta, muryarta ta yi ƙasa.

"Ba wani abin tashin hankali ba ne. Baftisma ce. Yarinya ta kusa shekara biyu ana ce mata Beba kamar 'yar kyanwa. Duk ƙauyen tambayar Mama suke, jikar taki arniya za ku bar ta? Tsohuwar nan ta daina zama a dandali saboda kunya."

"Wace ce uwar baftismar?"

"Ni."

"Ni kuma ina ina lokacin?"

"Gida. Ai a can haka ake yi tun kaka da kakanni, uwa ba ta zuwa coci. Tana gida, uwar baftisma ta faɗi suna a gaban Fada, limamin cocin, yara su rugo da gudu su yi wa uwa albishir, ta ba su tukuici. Haka aka yi wa Mama, haka aka yi wa kakarmu."

"Su ma barci aka ce su yi?"

Litsa ta kau da kai.

"Na tambaye ki. Su ma cewa aka yi su kwanta su huta?"

"Mama ta ce in kin farka kin ga an gama, za ki yi kuka kwana ɗaya ki haƙura. In kuwa aka tsaya shawara da ke, sai yarinya ta shiga jami'a tana Beba."

Fotini ta kalli kwalin. Ba fushin ne ya fi ci mata rai ba. Wayar nan ce. Yadda ta riƙe wayar da hannu biyu ranar, tana cewa na gode Mama, na gode, har da share hawaye da bayan hannu. Yadda ta je ta sayo wa tsohuwar sabon mayafi da maganin ciwon gwiwa. Yadda ta kwana biyu tana koyon tumatir mai cushen shinkafa irin na tsibiri, don kada a ce amarya ba ta iya ba.

Ashe ba ita aka gayyata ba. Mai ɗauko yarinya ake nema. Da mai ɗauko kwali.

"Da hannuna zan kai," ta ce. "Ƙarƙashin gadona. Awa tara ina amai a kansa."

"Ke ma kin cika mai da abu babba. Suna ne fa! Ni sunan kakata nake ɗauke da shi, Garifaliya, da aka gajarta ya koma Litsa, suna kamar buhun gishiri, kin ga na mutu? 'Yar fari sunan uwar miji take ci. Ba mu muka ƙirƙiro ba. Je ki tambayi duk wanda kika ga dama, daga nan har tsibirin Kirit."

"Na ce a haɗa biyun. Tun tana wata uku na faɗa. Me Mama ta ce?"

"Ta ce ita ba ta taɓa raba sunanta da kowa ba."

"To ni ma uwata ba ta da wanda zai ɗauki nata. Ni kaɗai ta haifa, Litsa. Ba wa, ba ƙane, ba 'yar uwa. Ta rasu ina da ciki wata bakwai, ko fuskar yarinyar nan ba ta gani ba. Rigunan sanyi shida ta saƙa mata a gadon asibiti, na shidan hannu ɗaya gare shi. In Beba ba ta zama Asimina ba, shi ke nan, an gama kiran sunan nan a duniya."

"Allah Ya ji ƙanta, mace ce ta gari. Amma ni ko sau ɗaya ban taɓa jin kin kira yarinyar da Asiminar ba."

"Ba a kira. Sai ruwa ya taɓa kanta. Mamata ta ce in aka riga Fada faɗin suna, ido yake kama yaro. Ko a waƙar reno ban taɓa sakawa ba."

"Ku mutanen dutse da camfi!"

"Ku mutanen ruwa da fashi."

Litsa ta buɗe baki za ta rama, sai kuma ta fasa. Ta murza zoben hannunta.

"Ki fahimce ta mana. Shekararta saba'in da huɗu. Ni ban haihu ba, mijin ma ya kama gabansa. Duk jirgin da ya tsaya sai ta sauka tashar, wai iska take sha, alhali kowa ya san kallon jikokin mutane take suna sauka. Da ana sa ran wata ce, da sai a ce ki ɗauki wannan, ta gaba tata. To tunda ba za a sake ba…"

Ta datse maganar. Amma ta riga ta fita.

Fotini ta ɗago kai a hankali.

"Tunda ba za a sake me ba?"

"Ba komai. Bakina ne."

"Wa ya faɗa miki?"

"Amarya…"

"Mutum uku ne a ɗakin asibitin ranar da aka ce ba zan sake haihuwa ba. Ni, da likita, da ƙanenki. Likitan ba ya zuwa gyaran gashi."

"Kuka ya zo yana yi a shagona, me kike so in yi? In kore shi? Ƙanena ne!"

"Mama ma ta sani?"

Litsa ta sunkuyar da kai.

Wata ashirin da biyu. Duk gaisuwar Kirsimeti, duk wayar Ista, duk "Allah Ya kawo ƙane" da tsohuwar take yi mata tana murmushi, ashe ta sani. Kowa ya sani. Ita kaɗai take ta ɓoyon abin da ke shanye a igiyar kowa.

Beba ta gaji da kuka, ta sauko ta kama ƙafar uwarta. Fotini ta ɗauke ta, ta goge mata hanci da gefen riga, ta duba bakin ko akwai saura. Babu.

"Fada ba zai yi ba sai da yardar iyaye," ta ce. "Wannan kam na sani."

"Fada Nikitas ne fa. Shi ya tsoma Anestis a ruwa da hannunsa. Takardar uba ta ishe shi."

"Wace takardar uba?"

"Wadda Anestis ya sa wa hannu."

"Ƙarya kike."

"Kira shi."

"Ƙarya kike, Litsa. A gaban kabarin uwata ya faɗa."

"Na ce kira shi. Ƙarfe huɗu ta wuce, ya fito daga ɗakin inji."

Fotini ta dire yarinyar. A cikin falon waya ba ta kamawa sosai, sai ta zuge ƙofar baranda ta fita. Zafi ya mare ta. Titin ƙasa ba kowa, ko mota ɗaya, sai wani kare kwance a inuwar kwandon shara.

Wayar ta yi ƙara sau biyar kafin ya ɗauki kiran bidiyon. Hoton yana rawa. Ga shi nan da gemun da ba ta san shi da shi ba, baƙin mai a goshi, ƙugin inji a bayansa.

"Fotini tawa! Yanzu nake shirin kiranki. Kun gama haɗa kaya? Ina gimbiyata?"

"Anestis, mene ne sunan 'yarka?"

Murmushin ya tsaya a fuskarsa. Ta ɗauka hoton ne ya maƙale. Sai ta ga ya ƙifta ido.

"Litsa tana nan?"

"Tana nan. Kwalin ma yana nan. A buɗe."

Ya shafa fuska da hannu, man ya ƙara damewa.

"Na ce musu kada su ba ki kwalin. Na faɗa musu."

Abin da ya dame shi ke nan. Kwalin.

"Ka sa hannu?"

"Fotini, saurare ni…"

"Ka sa hannu ko ba ka sa ba?"

"Na sa."

"Yaushe?"

"Kafin in taso."

Ta lissafa. Kafin ya taso. Satin da ya tuƙa su awa bakwai zuwa Florina, garin iyayenta na kan dutse, cikin sanyi, ya durƙusa ya wanke dutsen kabarin mahaifiyarta da hannunsa, ya kunna fitila, ya ɗaga Beba ya ce gaishe da mai sunanki.

"Me ka ce ranar da muka binne ta?"

"Na tuna."

"Faɗa in ji."

"Na ce in mace ce, Asimina ce."

"To?"

"Na faɗa, ban musa ba. Amma ranar da muka binne Baba ma na riƙe hannun Mama na yi mata irin wannan alkawarin. Tun ban san ki ba. Na ɗauka za mu haifi biyu, uku, kowa ya samu. Ya zan yi? Tsaga yarinyar zan yi?"

"Da sai ka faɗa mini."

"Na gwada! Duk na ɗauko maganar sai ki fara kuka."

"Shi ne ka zaɓi in yi kukan kana nesa."

"Ba nesa zan kasance ba." Ya matso da fuskarsa. "Wannan ne abin da na ɓoye miki don in ba ki mamaki. Kyaftin ya ba ni kwana huɗu. Gobe za mu tsaya tasha, in hau jirgin sama, Asabar da yamma ina tsibiri. Zan gan ki, Fotini. Zan ga 'yata. Tana tafiya yanzu, ni ban taɓa ganin tafiyarta da idona ba."

Ta dafa ƙarfen barandar, ya ƙone ta, ba ta ɗauke hannun ba.

Wata takwas. Ta san adadin daren. Har yanzu ɓangarensa na gado ba ta kwanciya a kai, rigarsa ta ƙarshe da ya cire ba ta wanke ba. Jikinta duka ya amsa kafin hankalinta, har ta ji kunyar kanta.

"Ka zo nan," ta ce. "Ka zo gida. Mu uku."

"Kwana huɗu ne da tafiyar duka. An gayyaci ƙauye, an yanka awaki, an kira masu goge. In ban je ba Mama ba za ta sake ɗaga kai a garin nan ba."

"Ni fa?"

"Ke mai haƙuri ce."

"Uwata fa?"

Ƙugin injin ya cika wayar.

"Fotini, kada ki ji haushi. Taki ta riga ta tafi. Ba za ta ji zafin ba. Tawa tana da rai."

Hoton ya daskare a haka, bakinsa a buɗe. Sannan ya ɗauke.

Ta daɗe tana kallon baƙin gilashin. Ta ga fuskarta a ciki.

Da ta koma falo, Litsa ta tattara ƙulle-ƙullen almon ta mayar cikin kwali, tana ninke 'yar farar rigar a cinyarta. Ta ji komai, ba sai an faɗa ba.

"Wawa ne," in ji Litsa. "Tun yana yaro bai iya magana ba. Ba haka yake nufi ba."

"Haka yake nufi."

Fotini ta wuce kicin. Ta cire takardar daga jikin firij, ta ninke ta biyu, ta sake ninkewa.

"Ba za mu je ba."

"Amarya, kada ki yi haka."

"Ki ɗauki labulenku."

"Ba zai biyo ta nan ba, kin ji da kunnenki. Daga tsibiri filin jirgi zai koma. In kin ƙi zuwa sai bayan Kirsimeti. Za ki iya? Ke kaɗai a wannan kangon, kina hira da firij?"

"Na saba."

"Yarinyar fa? Ubanta za ki hana ta gani saboda suna?"

"Ni na hana?"

"To wa za ki samu ya tsaya mata a nan? Faɗa mini mutum ɗaya. Baftisma sai da uwar baftisma. Wa gare ki?"

Fotini ta buɗe baki.

Ta duba cikin kanta kamar mai laluben aljihu. Matar da suke aiki tare, wadda ba ta ma san gidanta ba. Ƙawarta ta makaranta da ta koma Jamus, rabonsu da waya shekara uku. Maƙwabciyar hawa na biyu da suke gaisawa a lif.

Ta rufe bakin.

"Kin gani," in ji Litsa, ba da gatse ba. "Mu ne dai naki. Da daɗi ba daɗi, mu ne."

Ta miƙe ta rataya jaka. Sai idonta ya wuce kafaɗar Fotini, fuskarta ta canza gaba ɗaya.

Ƙofar baranda a zuge take.

Beba ta ja 'yar kujerar roba har jikin ƙarfen, ta hau, ƙafa ɗaya ta riga ta ɗaga, tana leƙen karen da ke ƙasa. Hawa huɗu.

Fotini ta zabura. "Beba!" ta ce, amma yarinyar ko gezau, ta saba jin wannan sau ɗari a wuni.

"STAMATIYA! Sauko!" Litsa ta daka tsawa.

Yarinyar ta tsaya cak.

Ta sauke ƙafar. Ta juyo, ta washe haƙoran nan sha shida, ta dafa kujerar ta sauko da baya yadda aka koya mata, ta rugo da gudu.

Ta wuce uwarta.

Ta faɗa jikin Litsa.

Fotini ta ja ƙofar barandar ta rufe, ta murza makulli, ta zare shi. Ta jingina da gilashin. Sai da numfashinta ya dawo sannan abin da kunnenta ya ji ya iso zuciyarta.

Litsa tana durƙushe, ta ƙanƙame yarinyar, tana sumbatar kanta tana ambaton Uwar Almasihu. Ta ɗago. Suka haɗa ido.

"Tun yaushe?"

"Subul da baka ne, tsoro ne ya…"

"Ta amsa, Litsa. Tun yaushe?"

Litsa ta haɗiye yawu.

"Tun tana rarrafe. A shago kowa haka yake kiranta. Mama ma in ta bugo waya, in na nuna mata ita…" Ta kasa ƙarasawa.

Duk Talata. Duk Alhamis. Ita tana can tana ƙirga ƙwayoyin hawan jini wa tsofaffi, tana riƙe da sunan a bayan haƙoranta kamar garwashi, tana tsoron kada ya kuɓuce ido ya kama mata 'ya.

Fotini ta durƙusa a kan tayil. Taku uku ne tsakaninta da su. Ta miƙa hannuwa biyu.

Ba ta taɓa faɗinsa da ƙarfi ba tun ranar jana'iza. Ya fito a dushe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Asimina."

Yarinyar tana wasa da ɗan kunnen Litsa.

"Asimina. Zo wurin Mama."

Ba ta juyo ba.